Sawun Kura a Tashar Jiragen Dalarom

Assalamu alaikum Yaya Mbodu,

Ina gaishe ka da iyali a Injamina, Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya. Inna ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan tun bayan sadakar bakwai ɗin Baba.

Yaya, ba labari mai daɗi ya sa na rubuto ba. Ka san kakanmu Cari ne ya fara kafa turke a tashar jiragen nan, lokacin da ruwa ke kai wa mutum wuya a bakin gaɓa. A zamanin Baba ruwan na ja baya, sau biyu aka tuge turakun aka bi shi da su. Bana mun sake, amma jirage na kwance cikin laka, masu sayen bandar kifi ma sun daina zuwa.

Shekaranjiya da safe aka ga wani sawu a lakar tasha, ya fito daga gabas. Maza suka taru suna musu. Kawu Kolo, da ba ya rasa ta cewa, ya ce karen liman ne ya ƙoshi da kan kifi har ƙafarsa ta kumbura. Ana cikin dariya matar Adam, wadda aka auro daga tudu, ta leƙa ta ce kaiconku 'yan ruwa, da gemunanku ba ku san sawun kura ba? Da ƙafarta kurar ta tako, Yaya. Dalarom ta daina zama tsibiri ba mu sani ba.

Ka kuma san kabarinmu ba shi da zurfi, don a da ana fara haƙa ruwa ke ɓullowa. Haka aka yi na Baba, ko da yake ƙasar ta bushe, kuma ba wanda ya tuna da ƙayar da ake rufe kabari da ita, tunda ko itacenta ba mu da shi. Na bi sawun. Ya wuce awaki bai kula su ba, ya kewaya kabarin Baba sau biyu.

Mun kifa tsohon jirginsa a kai, amma katakon ya ruɓe. Dattawa sun ce ba mai ƙara taɓa kabarin sai babban ɗa yana nan. Inna ba ta sani ba, ni kuwa tsoro ya hana ni sakat. Kar ka tsaya sayen tsaraba, Yaya. Ka taho da ƙaya.

Ka gaishe da Yagana da su Fanna.

Ƙanwarka,
Kellu