Gurbin Yatsan Bachisio

Uwargida Mallena,

Don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa. A ƙauyenmu in ka yi tari da safe, kafin rana ta yi tsaka an ce an kwantar da kai a asibitin birnin Nuoro, shi ya sa na gwammace in rubuto miki.

Shekarata sittin da takwas. Direban bas ne ni har na yi ritaya. Ban taɓa aure ba, da mahaifiyata na zauna har ta rasu. Ƙera wuƙa ba gadona ba ne, sha'awa ce kawai. Ina da ɗan ɗaki a bayan gida inda nake yin irin tamu ta makiyayan tsibirin Sardiniya, mai naɗewa, mai ƙotar ƙahon rago. Ba na sayarwa. In na gama sai in rataye a bango.

Abokina ɗaya ne a duniya, Bachisio, makiyayi. Shekara talatin, kowace Lahadi bayan coci a teburinsa nake cin abinci, matarsa Gonaria ta dafa mana, shi kuma ya yi ta tsokanata. Yana da wata tsohuwar wuƙa da ba ta barin aljihunsa. Da ita yake yanka cuku, da ita yake gyara kofaton tumaki, ya goge a wando ya yanka gurasa. Ruwanta ya siranta saboda wasawa, akwai giɓi a bakinta, ƙotar ta tsage, ga wani gurbi da babban yatsansa ya cinye a jikin ƙahon. Sau nawa na ce ya kawo in gyara! Sai ya ce, "Direba, je ka yi wa bangonka ado. Naka na kallo ne, tawa ta cin abinci ce." Wata rana da ya yanka babban ragonsa ya jefo min ƙahon, ya ce in ajiye, ran da na iya aiki in yi masa abin kirki. Na ajiye shi shekara shida yana bushewa.

Bara Bachisio ya rasu. Gonaria ba ta daina kirana ranar Lahadi ba. Mukan ci, ba ma yawan magana, amma dai mutum biyu ne a tebur.

Sai ran nan ta miƙo min wuƙar a naɗe cikin tsumma, ta ce, "Ta dakushe, ɗan wasa min ita." Abin da ta ce ke nan, ba zan ƙara mata ba. Aikin minti goma ne. Amma da na buɗe ta a ɗakin aikina na ga giɓin nan da tsagar nan, hannuna ya ƙi tsayawa. Na goge giɓin da magagari. Na cire ƙusoshin, na ɓare tsohon ƙahon na jefa a gwangwanin da nake tara tarkace. Na ɗauko ƙahon ragon da ya ba ni, na gasa, na miƙar, na sassaƙa. Mako uku na yi a kanta. Uwargida, ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ina yi ina jin kamar yana tsaye a bakin ƙofa yana min dariya.

Na kai mata cike da alfahari. Ta buɗe, ta ɗora babban yatsanta inda gurbin yake a da, ta yi ta shafawa. Sai ta ce, "Ta yi kyau. Ta wa ce?" Ta ajiye ta a tebur ta shige ɗaki. Daga baya ƙanwarta ta tare ni a gaban shagon gurasa ta wanke ni tas, ta ce tun ranar jana'iza Gonaria da wuƙar take yanka gurasa kullum safe, tana sa yatsanta a gurbin nasa. Wallahi ban sani ba.

Wata biyar ke nan. In mun haɗu a coci takan gaishe ni kamar yadda ake gai da mai kawo wasiƙa. Ranar Lahadi ina cin abinci a tsaye kusa da injin wasa wuƙa, don kada in ji shirun gidan. Na ƙera wuƙa tara tun lokacin, ban san wa nake yi wa ba. Kaɗaici ya ishe ni, ba na jin kunyar faɗa.

Ga abin da nake tunani. Na san hannun Bachisio kamar nawa. In ta yarda ta ba ni wuƙar, zan iya sassaƙa gurbin a sabuwar ƙotar, in dafa ta da mai da hayaƙi har ta yi kamar tsohuwa, in mayar da giɓin ma. Ba wanda zai gane. In yi, ko in haƙura in bar baiwar Allah?

Direban da ya daina tuƙi


Ɗan'uwa Direba,

Ajiye magagarin nan tukuna. Kada ka sassaƙa komai. Kowa a ƙauyenku zai iya ruɗuwa da gurbin da za ka yi, ban da mutum ɗaya, kuma ita ce kake son ka shawo kanta. Shekara da shekaru yatsan mijinta ya yi yana cin wurin nan. Da zarar ta taɓa naka za ta gane, kuma a ranar za ka tashi daga mai kuskure ka koma mayaudari.

Gonaria tana da gaskiya. Wasawa ta ce, kai kuma ka yi abin da mai wuƙar ya hana ka shekara talatin, ka yi shi lokacin da ba ya nan balle ya ƙwace kayarsa. Wannan dole ka haɗiye shi. Amma ni ban ga mugunta a wasiƙarka ba. Aikin minti goma ka mayar mako uku, da ƙahon da ya jefo maka da hannunsa. Ita tana riƙe da mijinta ta wurin tsohuwar ƙota, kai kuma kana cika wa abokinka alkawari da sabuwa. Ta san labarin ƙahon nan? Ina zargin ba ka taɓa gaya mata ba, don irinku kun fi iya magana da ƙarfe.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka. Ka ce ka jefa tsohon ƙahon a gwangwanin tarkace. Ban taɓa jin mai irin aikinku da ya zubar da gwangwanin nan ba. Juye shi yau ka nemo. Kada ka wanke, kada ka goge, kada ka liƙe tsagar. Naɗe shi a tsumman da ta ba ka wuƙar a ciki, ka kai mata da rana tsaka, ranar da ba Lahadi ba, don kada ta zaci abinci ya kawo ka. Ka ce ka yi kuskure, ba tare da "amma" ba. Labarin ragon ka bari sai ta tambaya. In ta so a mayar da tsohuwar ƙotar, ita za ta faɗa. In ta fi so ta ajiye ta a aljihu haka nan, nata ne.

Ba zan yi maka alkawarin kujerar Lahadi ba. Wataƙila ta dawo, wataƙila sai an jima. Kafin nan, sauke wuƙaƙen nan tara daga bango ka bi abokan kiwon Bachisio da su, lokacin askin tumaki ya kusa. Su ma sun yi rashi, kuma za su tsokane ka yadda ka saba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne zai fi maka wuya. In ta sa yatsanta a gurbin nan ta fashe da kuka, hannunka zai fara neman abin gyarawa. Sa shi a aljihu, ka ja kujera ka zauna kusa da ita har ta gama.

Allah ya ji ƙan Bachisio, ya sanyaya zukatanku ku biyun.

Mallena