Jan Ƙyallen da Na Kwance

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, kuma ba mai karanta maka ita. Amma tun da sanƙarau ya ɗauke mini ji ina aji uku, kai ne ka ce in magana ta fi ƙarfin hannuna in sa ta a takarda. Shi ya sa na rubuta.

Inna tana nan, ta kusa fita takaba. An yanke geron gonarmu ta Ɗan Isa, bai yi auki ba. Baffa Sani ya dawo gidanmu da iyalinsa. A Ƙaura kowa maganar Shari'a yake yi, ina ganin ta a bakin mutane.

Baba, an toshe tagar nan. Wadda ka huda a bangon zaure, daidai ƙofar ɗakina, don in ga mai sallama tun da ba na jin sa. Baffa ya ce mutane sun fara magana. Ya ce a wannan lokaci, kuma ga mace tana takaba, bai dace namiji ya tsaya a zaure yana hango tsakar gida ba. Ban ce mugunta ya yi ba. Katangar madafa da ka rage wa tsawo don in riƙa ganin hannun Inna in tana mini magana, ita ma an ƙara mata layi uku na tubali. Madubin babur da ka sayo a Kasuwar Daji ka manna a kwanar bayan gida, yara sun ɓamɓare shi. Ni ce ma na ɗebo ruwan kwaɓa, Baba. Me zan ce? Wa zai tsaya ya dube ni har in gama?

Ka gina wa mutane gidaje daga nan har Shinkafi, amma ba wanda ka yi wa irin namu. Da, ina zaune a ƙofar ɗaki ina ganin gidan duka. Yanzu mutum sai dai ya faɗo mini ta baya. Shekaranjiya matar Baffa ta dafa kafaɗata, na firgita na saki tukunyar miya. Wata baƙuwa daga Moriki ta yi sallama har sau uku, ta juya ta tafi, ta je tana cewa ɗiyar marigayi girman kai gare ta.

Igiya kawai ta rage. Wadda ka ja daga bakin gadonka, ta bi ta cikin bututu a bango, ta fito bisa ƙofata da jan ƙyalle a bakinta. In ka ja, ƙyallen ya yi rawa, in zo. Saboda ita na ɗauki biro, don akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, har Inna.

Waccan Juma'ar da ƙawayena suka zo, kana nan da ranka, sun ga ƙyallen suka yi ta dariya. Ɗaya ta kwaikwayi akuya da aka ɗaure. Kunya ta kama ni, na kwance shi na tura ƙarƙashin tabarma. Na manta ban mayar ba. Washegari Inna ta fita sayo maka magani, ta bar mini kai kana kwance da zazzaɓi. Ina zaune ina tsintar wake, ina ɗaga kai lokaci-lokaci, ban ga komai ya motsa ba, na ce barci kake yi. Siririyar igiya ce, launin bango, ba ta ganuwa in ba ƙyalle. Da na shiga da azahar in kai maka kunu, na tarar da kai a ƙasa, igiyar tana naɗe a hannunka.

Sau nawa ka ja, Baba? Ruwa kake so? Ko so kake in zo in zauna kusa da kai? Ka kira sunana kuma, ko da ka san ba zan ji ba? Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, na yarda. Amma kwanan da ya ƙare bai hana a ba mutum ruwa ba.

Ban taɓa ce maka na gode ba. Kunya nake ji in maƙwabta suka leƙo suna cewa ka ɓata gida saboda kurma.

Na mayar da ƙyallen, na ɗaure shi tamau. Baffa ya ce ranar Asabar zai cire igiyar, matarsa tana son ta don shanya, ya kuma liƙe bututun saboda kunama. Ba zan hana ba, ban iya ba. Kafin nan ina zaune ina kallon ƙyallen. In iska ta kaɗa shi, sai in ga har na miƙe na kai ƙofar ɗakinka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini. Sai na zo.

Ɗiyarka da ba ta amsa ba,
Hajara