Ƙullatau da Ƙahon Baffa Sambo

Tambuwal,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Nasrullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Madina da jaririnku da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Allah Ya raya mana shi, Ya sa albarka a sana'arka, Ya tsare ku a Legas. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma zagayen barka da ta'aziyya a unguwa, wanda ka san shi ne alamar ta warke. Damina ta yi kyau bana, gero ya nuna, an shiga girbi daga Jabo har Kebbe. Mu ma an koma makaranta, ina nan da ajina da alli da ciwon maƙogwaro.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Dalilin kuwa kai ne. Na kira ka a kan maganar nan, ka yi ta ƙyalƙyala dariya kana ce mini katun ne fa, wasan yara ne, kafin in kai aya ka ce ana jiranka a wurin aiki. To ita takarda ba a katse mata hanzari. Na ba Ɗangiwa direban motar shanu, na ce ya danƙa maka hannu da hannu. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, don abin da ke cikinta ya hana ni sakewa.

Ba zan hana ka yabonka ba, Allah Ya ba ka hannu. Tun kana ɓata mana bangon ɗaki da gawayi na san za a rina. Katun ɗin nan naka ya shiga ko'ina, babu wurin mai cajin waya a Tambuwal da ba a tura wa mutane shi, kuma ba don jarumin ake kallo ba, don mugun ne, Ƙullatau. Ka yi shi dogo, yana jan ƙafa ɗaya, da malafa, da ƙahon sa rataye a wuya. Ba ya cin abinci da kowa, ba ya dariya sai in yana shi kaɗai, ba ya da aboki sai ƙahon nan da yake wa magana. Kullum ya kwana ya tashi da shirin ramuwa a kan maƙwabcinsa: yau ya tara fara a buhu zai sake wa gonarsa, gobe ya haƙa masa rami a hanya, ƙarshe shi ne ke faɗawa ciki, ko zuma ta bi shi har rafi. Ni ma na yi dariya har da hawaye. Dariyar ta tsaya mini ne a kashin da ka nuna asalinsa, inda maƙwabcin ya sare masa san huɗa, shi kuma ya ɗaga ƙahon sama ya gyara murya ya ce, "Ku ka mantuwa, ni ka tunawa." Nasrullahi, wa kake so ka ruɗa? Ɗingishin na Baffa Sambo ne, ƙahon nasa ne, kalmar tasa ce, har gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana ba ka bar masa ba. Ko makahon ƙauyenmu ya ji muryar nan ya san ƙanen mahaifinmu ake nufi, ya kuma san maƙwabcin Ɗan'iya ne.

Da kana zuwa gida da ka san abin da ka taka. Shekara biyu da suka wuce, liman da dattawan gari suka yi ta kai da kawowa har Allah Ya sa Baffa da Ɗan'iya suka gaisa hannu da hannu a ƙofar masallaci, bayan gaba ta fiye da shekara ashirin. Ba a ce sun zama aminai ba, amma suna tsayawa sahu ɗaya, kuma Baffa da kansa ya sauke ƙahon nan daga zaure ya jefa shi cikin rumbu. Ranar Inna ta yi sadakar fura don murna. Kai kana can, hoton Baffan da ka tafi da shi a kanka na da ne, shi ka zana ka watsa wa duniya.

Yanzu ga abin da ake ciki. Katun ɗinka ya isa ƙauye ta hannun 'yan kabu-kabu masu zuwa cin kasuwar Kebbe. Da farko a ɓoye ake kallo, in Baffa ya doso a kife waya. Daga baya kunya ta ƙare. Atiku, babban ɗan Ɗan'iya, ya sa dariyar Ƙullatau ta zama ƙarar kiran wayarsa, kuma ba ya tashi karɓar kira sai ta gama. Baffa ya je sayen gishiri a kasuwa, wani daga bayan rumfa ya gyara murya ya faɗi kalmar nan, kasuwa ta ɗauka da shewa. An ce bai waiwaya ba, bai kuma sayi gishirin ba. Da ya koma gida ya shiga rumbu ya tono ƙahon ya mayar da shi zaure. Tun ranar ya daina zuwa masallacin gari, a gona yake sallarsa.

Shi Baffa shiru ya yi, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro. Gazali kuwa, ɗansa, ka san shi ba a taka shi ya kwana. Sun riga sun cakume da Atiku a tashar babura har aka fasa wa Atiku leɓe, mai gari ya tsawatar, kowa ya koma gida yana huci. Abin da ya ƙara dagula lissafi, girbi ake yi, kuma amalanken Ɗan'iya ba ya da hanyar da zai kwaso dammunan gero sai ta bakin gonar Baffa. Shanu biyu ne ke jansa, manya, ƙosassu. Matar Gazali ta kira ni tana kuka, ta ce kullum da safe Baffa yana zaune a kan iyaka da addarsa a kan cinya, ba ya sara komai, shanun kawai yake bi da ido har su ɓace. Ta ce ta ji mijinta yana rantsuwa cewa tunda an mayar da su abin dariya, sa ɗaya ake bin gidan Ɗan'iya kuma zai karɓo shi da hannunsa. Su ma can ba a zaune suke ba, Atiku ya fara raka amalanken da gora da ƙannensa. In adda ta taɓa san nan, Nasrullahi, ba a kan sa za a tsaya ba, kai ma ka sani. Ana cikin haka sai ga sanarwarka cewa Juma'ar ƙarshen wata za ka saki kashi na ƙarshe, inda za a ga ko Ƙullatau zai rama ko zai halaka. Gari duka ya zuba ido, kuma ba wayar suke kallo ba, zauren Baffa suke kallo.

Asabar ɗin da ta wuce na hau mota zuwa Kebbe, daga can na hau babur zuwa gida. Na sami Baffa da hantsi a gindin ƙiryar bakin gona. Ya rame, Nasrullahi, rigarsa ta yi masa yawa. Bayan mun gaisa ya tambayi Inna da yara, sai ya ce in ciro wayata in nuna masa abin da ɗan wansa ya yi, don kowa ya gani ban da shi. Na yi ta kame-kame, na ce caji ya yi ƙasa, ya ce ko rabi ne a nuna masa. Haka na zauna a gefensa, ya kalla tun daga farko. Bai yi fushi ba a inda ka jefa shi rami. A inda zuma ta bi shi har ya ɗan murmusa, ya ce yaron nan shaiɗani ne. Da aka zo wurin sare san, sai ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya ce in sake. Sannan ya ajiye wayar a kan tabarma, ya ce an zana san, an zana shi, an zana Ɗan'iya da addarsa, to ina yaron da ke riƙe da igiya? Sai ya juya fuska wajen gero. Ni ce na yi kukan.

Kai kana goye lokacin, bari in gaya maka wane yaro yake nufi. Yaya Uthman ne, ɗansa na fari, wanda aka ce maka ya rasu a hatsarin mota. Shi ke jan shanun in Baffa na riƙe da garma. A farkon daminar shekarar san ya tsinke masa ya shiga shukar Ɗan'iya. Ka san yadda ake yi: a kama dabba a kai wa mai gari, a duba ɓarna, mai ita ya biya. Ɗan'iya bai yi haka ba, ya sare wa san agara a gaban Uthman, dole aka yanka shi a wurin kada ya zama mushe. Ƙahonsa ne Baffa ya rataye a zaure. Sa ɗaya ba ya jan garma. Gonar ta kwana ba huɗa, abin da aka girbe bai kai su ko'ina ba, Uthman kuma ya ɗora wa kansa laifi, ya ce zai tafi Kudu ya yi dako har ya mayar wa ubansa sa. Baffa ya hana, ya sulale ya tafi. Motarsu ba ta wuce hanyar Yawuri ba. To ka san mutanenmu da ɗan fari. Baffa bai taɓa kiran sunan Uthman ba yana raye, balle a ga hawayensa a kansa bayan ya mutu. Ranar da aka kawo labari, gona ya tafi. Abin da alkunya ta bar masa ya ambata shi ne san, shi ya sa kuka tashi kuna jin dattijo yana ta maganar sa shekara da shekaru, ku yara kuna dariya a bayan zana kuna cewa Baffa ya fi son sa da mutane. Manya duk sun san wanda yake wa makoki, shi ya sa ba wanda ya taɓa ce masa ya isa haka. Kai ka ɗauki abin da kunnenka ya ji ka yi mugu da shi.

Kafin in taso na durƙusa na roƙe shi ya riƙe Gazali. Ya ce zai riƙe shi, shi ma zai bar addar a gida, amma zuwa Juma'ar da ka sa. Ya ce zagin kasuwa bai dame shi ba, na Atiku ma bai dame shi ba, don bare ne. Abin da yake jira shi ne ya ga yadda jininsa zai ƙarasa da shi. Ya ce in ɗan wansa, wanda ya saɓa a kafaɗa zuwa kasuwar Tambuwal, ya tabbatar wa duniya cewa shi mahaukacin kare ne, to ba sauran mutuncin da zai tsare, kuma ba zai ƙara tare wa Gazali hanya ba. Ka san Baffa ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Ba na ce ka goge ba, magana zarar bunu ce, abin yana cikin wayoyin mutane har Jega. Ba kuma na ce ka ɗage ranar ka yi shiru ba, don za a ce gidanmu ne suka ji tsoro, Gazali kuma ba zai haɗiye wannan ba. Ban san aikinku ba, ban san yadda ake juya mugu a katun ba, kai ne gwani. Abin da na sani, wanda ka iya sa gari ya yi wa mutum dariya, za ka iya sa su yi shiru su ji abin da aka yi masa, ba tare da ka zuga kowa a kan Ɗan'iya ba, don shi ma tsoho ne yanzu kuma ya riga ya nemi gafara. Sannan ka taho gida kafin ranar. Kada ka aiko saƙon murya, kada ka turo atamfa ko shadda. Ka zo da ƙafarka, ka cire takalmi a ƙofar zaure, ka durƙusa. In ya kore ka, ka dawo washegari. Ina fushi da kai, ba zan ɓoye ba, amma tsoron da nake ji ya fi fushin, don in aka zubar da jini a bakin gonar nan, da kai za a riƙa kwatance har ka mutu.

Ka gaida Madina da kyau, ka ce mata na gode da turaren da ta aiko, kuma ta taya ni yi maka magana tunda ita kana jin tata. Ka shafa mini kan yaron. Ka gaida Kawu Abdulhamidu na Agege da iyalinsa. Inna tana gaishe ka, ta ce ba ta yi maka baki ba, amma kada ka bari ta kai ga haka. Maigidana yana gaishe ka, haka Humaira da Batula da Fatima Zahra'u, waɗanda na hana kallon katun ɗinka har suna gaba da ni. Na tambayi Baffa ko in sa gaisuwarsa a takardar nan. Ya ce in bar wurin fili tukuna, sai ya ga abin da ka yi da shi ranar Juma'a.

Allah Ya kawo ka lafiya, Ya kuma kawo ka da wuri.

Ni ce yayarka,
Safiyatu.