Kwalbar da Suka Ce Ba Komai a Ciki

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Kwalbar 'yata Bahijja ta iso, bayan wata biyar ana jira. Ta shigo tana rawar jiki sai ka ce an ba ta kujerar Makka, ta turo min waya a fuska: "Baba, duba!" Hoton akwatin soso ne, da 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba.

Furotin ne, irin wanda ke zaune a bayan ƙwayoyin jikin mutum, wanda ƙwayar korona ke kamawa ta shiga, kamar mariƙin ƙofa. Ba daga jikin kowa aka ciro shi ba, a ɗakin gwaji aka haɗa shi, can ƙasar waje. Da shi za ta gwada jinin mutum ɗari da ashirin da ta bi gida-gida ta ɗiba, daga nan Tudun Wada har Kwangila, ta ga jinin wa ke iya tare ƙwayar kafin ta kama mariƙin. Digirinta na biyu a kansa ya rataya.

Na ce Allah ya sa alheri. Ban karɓi wayar ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ma'aikaci a ɗakin gwajin jami'ar da za ta yi aikin a ciki. Na san yadda kayan kirki ke ƙarewa idan sun shiga.

Talata, 8 ga Yuli

Ruwa tun safe. Kwatar layinmu ta amayo duk abin da muka ba ta.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ta dawo ido jajir. Dokta Zulkiflu, malamin da ke duba aikinta, ya kira mai hoto, ya saka farar riga mai guga, ya ɗaga kwalbar sama. Sai ya ga ba komai a ciki. Wai "an cuce mu". Ya jefa ta kwandon shara a gaban mai hoton.

Zulkiflu. Ni na koya masa riƙe bututun awo. Yau shi ne Dokta.

Bahijja ta ce takardar cikin akwatin ta ce busasshen gari ne, a juya kwalbar a inji kafin a buɗe. Injin ya mutu tun bara. Da ta faɗa masa, cewa ya yi, "Iska za ki juya?"

Ta ce, "Baba, kai me ka gani?"

Na ce na yi ritaya.

Na sani sarai. Garin bai kai ƙwayar gero ba, a hanya yake watsewa ya manne a murfi da jikin kwalba, ido ba ya ganinsa. Sau nawa na gani. Amma ranar da na ƙi sa hannu a sakamakon gwajin da ba a yi ba, suka mayar da ni sito ina ƙirga tsintsiya har na ajiye aiki, na ce ƙafata ba za ta sake taka ƙofar nan ba. Su ci abinsu.

Asabar, 12 ga Yuli

Tuwon ya yi ɗaci a bakina. Matata Kulu ta ce bakin ne, ba tuwon ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Ga shi nan, kamar yadda na zata. Ba za a sake sayo wani ba, kuma watan Satumba za ta kare aikinta gaban malamai. Shawarar Dokta: ta duba abin da aka samu a wasu ƙasashe, ta "daidaita" da namu. Daidaita! A zamaninmu ƙarya muke ce mata. Yanzu ta yi digiri, ta sami sabon suna.

Kulu na tankaɗe ta ɗago kai. "Har da jinina fa a ciki. Ni ce lamba arba'in da bakwai. Kwana uku hannuna na ciwo. To me za a rubuta min?"



Laraba, 16 ga Yuli

Bayan la'asar na sami Bahijja a falo da kwamfuta. Na leƙa ta bayanta. Jadawali, lamba ɗaya zuwa ɗari da ashirin. Ta cike har talatin da biyu. Lambobi masu kyau, ba wanda ya yi tsalle. Jinin mutanen layinmu ne, masu gaishe ni a masallaci.

Na faɗa mata maganar da ba zan rubuta a nan ba.

Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta rufe kwamfutar a hankali ta ce, "Baba, kai ka ƙi sa hannu, ka dawo gida ka zauna kana tsaki shekara shida. Ni a ina zan zauna?"

Tsaki. Haka 'yata ke kiran abin da nake ce wa mutunci.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na kira Kefas, mai kula da sito, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda muka fara tare. Tambayar lafiyar matarsa Suzana kawai na yi niyya.

Ya yi dariya. "Oga, ka daina kewaye-kewaye. Tun ranar na tsinto kwalbar daga shara. Tana firiza, bayan naman Sallar wani babba."

Nama. A firizar ɗakin gwaji, kusa da jinin mutane. 

Na ce tsohon injin juyawa na hannu fa? Ya ce da shi suke tokare ƙofar sito.

Asabar, 19 ga Yuli

Na je. Ta ƙofar baya, ranar da ba kowa sai Kefas da Bahijja, don haka ban ɗauke shi a matsayin komawa ba.

Warin wurin bai canja ba, sai dai an ƙara masa na ɓera. Mun ɗaure injin a bakin tebur, na ɗiga masa man keken ɗinkin Kulu. Kwalbar a gefe ɗaya, wata mai nauyinta a ɗaya gefen. Na murza har kafaɗata ta ce ta gaji, Kefas ya karɓa yana cewa, "Tsufa ya zo, Oga." Na ce ya murza ya rufe min baki.

Da muka tsayar, na ɗaga ta a taga. Ɗigon fari a gindi, kamar ƙasan farce.

Bahijja ta ce, "Baba…"

Na ce ba lokacin wannan ba ne. Ruwa a hankali, ta jikin kwalba. Kada ki girgiza. Ki bar shi ya narke don kansa. Sannan muka raba shi ƙananan kwalabe goma, don kada a yi ta narkar da shi ana daskarewa har ya mutu. Ba wanda ya taɓa koya mata wannan. Ko ɗigo ba ta zubar ba. Ban faɗa mata ba.

Naman kuwa na fitar na ajiye a kan kujerar mai shi.

Talata, 22 ga Yuli

Gwajin farko. A farantin gwajin mai ƙananan ramuka, ramukan da ba jini sun yi shuɗi, alamar furotin yana da rai, ƙwayar ta kama. Waɗanda ke da jini, wasu fari tas, wato jinin ya tare ƙwayar, wasu shuɗi, wasu tsaka-tsaki. Lambobi munana, masu tsalle, irin na gaskiya. Ta goge talatin da biyun nan a gabana.

Dokta ya leƙo ya ce da ma shi ya yi zargin haka. Ya ce min "Baba, sannu da ƙoƙari." Na duba takalminsa har ya fita.

Juma'a, 25 ga Yuli

Lamba arba'in da bakwai fari tas. Kulu ta ce da ma ta sani, wanda ya zauna da ni shekara talatin da biyar ba ƙwayar da za ta iya da shi.

Wurin nan har yanzu juji ne, ban canja ra'ayi ba. Sai dai firizar ba mai rubuta sanyinta safe da yamma, kuma saura kwalba bakwai a ciki. Na sayi ƙaramin littafi, na ja masa layi.

Kulu ta ga farar rigata a kan igiya, ta tsaya tana kallona. Na ce warin akwati take yi.