Afra a Hannun Dama

Augsburg, watan Maris, 1500

Zuwa ga matata Walburga,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinki, yaya Inna? An ce har yanzu sai an yi da gaske kike haɗiye loma ɗaya. Wata huɗu ke nan da kika koma gidanku, tun ranar da muka binne Afra, jaririyarmu da ta rasu kafin Fada ya iso ya yi mata baftisma. Na san abin da ke cinki: tsoron kada ranar ƙarshe ta same ta a hannun hagun Almasihu, cikin ɓatattu. Ga mutanen gari sun hana kowa sakat, wai bana duniya za ta tashi.

Ba ni da bakin lallashi, kin sani, hannu kawai gare ni. Na ajiye ƙirar kofunan azurfa, na sami farantin tagulla ina sassaƙa ranar hukunci. Almasihu yana bisa gajimare, takobi a gefen hagunsa, farin furen jinƙai a gefen damansa. A ƙarƙashin furen na sa mala'ika rungume da Afra, da ɗan lanƙwasasshen kunnen nan nata. Jobst mai ɗab'i zai buga shi a takarda. Ki daure ki ci wani abu kafin ya iso gare ki.

Mijinki,
Endres

Augsburg, watan Afrilu, 1500

Walburga tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, amma tambayar lafiyarki ma kunya take ba ni. An faɗa mini wani ɗan koli ya kai takardar ƙauyenku, kin gani, kin yanke jiki kin faɗi, kin ce Allah ne ya nuna miki gaskiya ta hannuna. Tun ranar ko ruwa ba kya karɓa.

Walburga, ba Allah ba ne, wautata ce! Shekara ashirin ina zane a jikin kofi, inda dama take zama dama. Na manta cewa tagulla idan ta sha tawada aka danna mata takarda, komai juyewa yake yi. Jobst bai duba ba sai da ya sayar da ɗari. Da na je, har dariya yake yi: "Kai Endres, Almasihun naka bahago ne? Duk salihan ka tura su hagu!" Na shaƙe shi, sai da aka ɓamɓare ni. Na bi kasuwa ina yayyaga duk wadda na samu, ashe ɗaya ta riga ni zuwa wurinki.

Na rasa Afra, ba zan iya rasa ki ba. Idan kika kashe kanki da yunwa, da hannuna na kashe ki.

Ga farantin nan na naɗe a mayafinki na aiko tare da wannan wasiƙa. Ki jefa takardar a murhu, ki buɗe tagullar ki duba. Shi ne abin da na sassaƙa ina kuka, shi Allah ya gani kafin kowa. Ki ɗora yatsanki a kan hannun daman Almasihu, ki gangaro a hankali. Za ki taɓa kunnenta.

Don Allah ki ce Inna ta ba ki miya.

Mijinki mai jiran amsa,
Endres