Gidan Tsohuwa Lin a Bakin Kwazazzabo

Zuwa ga Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abdulrasheed da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Ni ma lafiya lau, sai wani abu da ya tsaya min a rai.

Kin sha yi min tsiya wai na ƙetare teku don karatun duwatsu. To, ga shi duwatsun sun sa ni kuka. Makon jiya malaminmu ya kwashe mu daga Guangzhou zuwa wani kwari a nan ƙasar Sin inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa a gefen kogi. Aikinmu mu auna gangaren, mu gano inda ƙasa za ta zaftare idan damina ta yi ƙarfi, ta gangaro da laka da duwatsu kan mutane. Wurin da ke da haɗari sosai a shafa masa ja a taswira, kuma duk gidan da ya faɗa ja, tashinsa za a yi.

A yankin da aka ba ni akwai gida ɗaya a bakin kwazazzabo, na wata tsohuwa Lin mai dafa ƙwai a cikin ruwan zafin tana sayarwa. Da ta gane ba na cin namansu, kwana huɗu ita ke ciyar da ni. Ta ce shekara hamsin tana nan ba ta tsoro, domin idan dutsen zai motsa ruwan yakan gurɓace, sai ta gani ta gudu. Amma Yaya, na haƙa bayan gidanta. Ruwan zafin ya ruɓar da dutsen, da hannu nake marmasa shi kamar busasshen tuwo. Ranar da zai taho ba zai jira ta ba.

Wallahi na daɗe riƙe da alƙalami, raina na cewa in sassauta mata. Na shafa ja, na je da kaina na faɗa mata. Sai ta tambaye ni ko da gidan mahaifiyata ne haka zan yi. Na ce mata da nata zan fara. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to za ta tashi kafin damina ta sauka.

Ki gaida min Inna, da Kawu Tankari, da Barira. Ki sa tsohuwar nan a addu'a.

Ƙanwarki,
Radiyya