Ba a Kira Inna Wankan Hajiya Kaltume Ba

Assalamu alaikum, Habibu ƙanena. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ka yi mini afuwa da na dame ka, kuma a nan shafinka inda jama'a ke gani. Ba halina ba ne. Na kira wayarka har na gaji, ba ka ɗauka ba.

Ban taɓa ƙin sana'arka ba. Tun kana yaro a unguwar Anbariyya, nan Madina, kake ɗaura mayafin Inna kana kwaikwayon tafiyar maƙwabta, mu yi ta dariya har ta kore mu. Da ka tafi Italiya ka yi tsinkar tumatir, ka koyi yarensu, ka zama ɗan ƙasa, ka fara rubuta musu littattafai da wasan kwaikwayo, duk hoton da ka turo sai na nuna mata. Takan kalli mutanen da ke tafa maka ta ce, "Ashe surutun nan zai ciyar da shi."

Amma sabon wasanka, Habibu. Ka rubuta wata mai wankan gawa a Madina, ka sa mata sunan Inna. Wani ya fassara guntun bidiyon wasan da Larabci, ya zagaye wayoyin matan unguwarmu Bani Harisa. A ciki matar na tsaye gaban mutane tana faɗin abin da ta gani a jikin mamata: tabon duka, da cikin da aka ɓoye.

Ka san abin da mai wanka ta gani amana ne, da shi ake binne ta. Ni da nake zuba wa Inna ruwa in tana wankan gawa shekara da shekaru, wallahi ban taɓa jin ta faɗi ko kalma ɗaya ba. Na san daga kanka ka ƙirƙiro. Su fa ba su sani ba. Kowace tana tunanin uwarta ake nufi, ko 'yarta.

Makon jiya Hajiya Kaltume ta rasu, ƙawar Inna da ke ba ka dabino daga Khaibar. Ta bar wasiyya Inna ce za ta wanke ta. Inna ta daka ganyen magarya, ta ƙulle kafur, ta sa abaya ta zauna bakin ƙofa. Ba wanda ya zo. Sai labari muka ji an yi mata salla a Harami an kai ta Baƙi'a. 'Yarta ta aiko da kalma biyu: "Ma'alesh, Khala," wato "Yi haƙuri, Goggo."

Tun ranar Inna ba ta cin abinci sai kurɓar shayi. Ba ta yi fushi da kai ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Kanta take zargi. Tambayarta ɗaya, ta maimaita ta har na rasa inda zan sa kaina: "Rabi, ko na taɓa magana cikin barci?"

Ɗan uwana, ban ce ka bar rubutu ba. Ka cire sunanta kawai. Ka ɗauki muryarka da Hausa da Larabci, ka ce ƙirƙira ce, Inna ba ta taɓa gaya maka komai ba. Ni zan bi gida gida in kunna musu, ba zan ji kunya ba. Jikinta ya yi rauni ƙwarai, ina tsoron ta tafi matan da ta wanke wa iyaye suna mata kallon maciyiyar amana.

Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira, Ya yi wa alƙalaminka albarka, Ya tausasa zuciyarka.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri, ko yau.

Yayarka,
Rabi, Madina